Tsarin sufuri na shekara ashirin da biyar: takarda ce kawai, ko yana juya akalar kuɗi?

"Assalamu alaikum, Malam. Ni ɗalibi ne a nan Amurka, ina karatun tsara birane. Ma'aikatar sufuri ta jihar da nake ta fitar da daftarin tsarinta na dogon zango har zuwa shekarar 2050, tana neman ra'ayin jama'a. Na karanta shi daga farko har ƙarshe, duk manyan buruka ne: kare rayuka, adalci, tsabtar muhalli, bunƙasa tattalin arziki. Ban ga sunan hanya ko gada ɗaya da aka ce za a gina ba. To mene ne amfaninsa? Gwamna shekara huɗu yake yi, ta yaya takardar shekara 25 za ta ɗaure shi? Kuma in zan ba da ra'ayi, ina ya kamata in duba?"

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Tambayoyi uku ka haɗa wuri ɗaya: me ya sa babu ayyuka a cikin tsarin, ko yana da ikon tilasta wa shugabanni, da kuma inda ra'ayinka zai yi tasiri. Na daɗe ina aiki a sashen tsare-tsare na ma'aikatar sufuri ta wata jiha, kuma abin da ya dame ka yana damun mu da ke rubuta irin wannan takarda. Gaskiya ne, tsarin ba ya ɗaure gwamna. Ƙarfinsa ta ƙofa ɗaya yake shigowa, wato ko burukan da aka rubuta su ne ma'aunin da ake zaɓen ayyukan da za a ba kuɗi, ko kuwa a'a. Jihar da ta haɗa biyun, tsarinta yana aiki. Wadda ba ta haɗa ba, ko da an buga shi da hotuna masu kyau, a kan kanta zai zauna.

Yadda aka zo nan

A 1956 Shugaba Eisenhower ya sa hannu a kan dokar da ta ba da damar gina manyan hanyoyin da suka haɗa jihohi, mil 41,000. Gwamnatin tarayya ta ɗauki kashi 90 cikin 100 na kuɗin, jihohi kashi 10. A wancan lokaci injiniyoyi ne ke jan layi a kan taswira, kuma inda ƙasa ta fi araha nan layin yake bi. A birane da yawa wurin nan unguwar baƙar fata ce. A St. Paul da ke Minesota, babbar hanyar I-94 ta raba unguwar Rondo gida biyu, ɗaruruwan gidaje suka tashi. Irin haka ya faru a garuruwa da dama, har jama'a suka fara tayar da ƙayar baya.

Dokar 1962 ta ce duk yankin birni mai mutum sama da 50,000 sai ya kasance yana da tsarin sufuri mai ɗorewa, na haɗin gwiwa, wanda ya duba komai, kafin a ba shi kuɗin tarayya. Daga nan ne hukumomin tsara sufurin yankunan birane, waɗanda ake kira MPO, suka samo tushe. Amma a matakin jiha gaba ɗaya, sai a 1991, da dokar da ake kira ISTEA, aka wajabta wa kowace jiha ta yi tsari na dogon zango wanda ya haɗa mota, bas, jirgin ƙasa, keke, tafiyar ƙafa da dakon kaya. Takardar da ke hannunka 'yar wannan doka ce.

Abin da dokar tarayya ta nema bai da yawa. Tsarin ya hango aƙalla shekara 20. A yi shi da hukumomin birane, a tuntuɓi shugabannin ƙananan hukumomi na karkara da gwamnatocin ƙabilun asalin ƙasar, a ba jama'a damar magana. Ba ta ce dole a lissafa ayyuka ba, ba ta kuma ce dole a nuna inda kuɗi zai fito ba. Shi ya sa jihohi da yawa suke rubuta shi a matsayin takardar manufofi. Rashin ganin sunan gada a ciki ba saɓa doka ba ne.

Takardar da ka karanta da wadda ba ka karanta ba

Akwai takarda ta biyu, ana kiranta STIP, ita ce jerin ayyukan da jiha za ta kashe wa kuɗin tarayya a cikin aƙalla shekara huɗu masu zuwa. A nan za ka ga sunan hanya, daga mil kaza zuwa mil kaza, nawa za a kashe, a wace shekara, daga wane asusu. Ita doka ta ɗaure ta: ba a sa aiki a ciki sai in ana da kyakkyawan zaton kuɗinsa zai samu, kuma sai hukumar manyan hanyoyi da hukumar sufurin jama'a na tarayya sun amince da ita. Hukumomin birane ma suna da nasu tsarin na shekara 20 da suke sabuntawa duk shekara huɗu ko biyar, kuma su dole ne su daidaita ayyuka da kuɗin da ake sa ran samu.

Zaren da ya haɗa takardun biyu siriri ne. Doka ta ce duk aikin da ke cikin STIP ya dace da tsarin dogon zango. To in burukan sun yi faɗi, me zai kasa dacewa? Faɗaɗa hanya ya dace da bunƙasa tattalin arziki. Ƙin faɗaɗa ta ya dace da kare muhalli. Na sha ganin fom ɗin da injiniyan shiyya zai cika, a ƙasa akwai akwatuna na burukan tsarin, ya yi wa kusan duka alama a kan aiki ɗaya na ƙara layi. Ba ƙarya ya yi ba. Mu ne muka rubuta burukan ta yadda komai zai shiga.

Game da gwamna kuwa, ka tuna cewa babban aikin hanya, daga fara tunaninsa zuwa nazarin muhalli, sayen filaye, zane da gini, yakan haura shekara goma. Gadar da ake zanawa yau ana yi mata lissafin shekara 75. Gwamna yakan yanke kintinkirin aikin da wani ya fara, ya fara wanda wani zai buɗe. Saboda haka dole wani ya riƙe dogon lissafin, kuma ma'aikatan dindindin ne ke riƙe shi. Amfanin tsarin da ba a cika gani daga waje ba shi ne ya ba waɗannan ma'aikata abin dogaro. Idan ɗan majalisa ya zo da aikin mazaɓarsa, ma'aikaci ba ya iya cewa "ba na so", amma yana iya cewa "ga abin da hukumar sufuri ta jiha ta amince da shi, ga inda aikinka ya faɗo a ma'auni".

Burukan suna cin karo da juna

A nan nake so ka daɗe, domin nan ne tsare-tsare da yawa suke kauce wa gaskiya. Dokar MAP-21 ta 2012 ta kafa buruka bakwai na ƙasa: kare rayuka, ingancin hanyoyi da gadoji, rage cunkoso, tabbacin lokacin tafiya, dakon kaya da tattalin arziki, kare muhalli, da rage jinkirin ayyuka. Ta kuma ce jihohi su riƙa sa wa kansu adadin da suke son cimmawa, su kawo rahoto. Ci gaba ne, amma jiha ce ke zaɓen adadin, kuma an samu jihohin da suka sa adadin mace-macen hanya wanda ya fi na shekarun baya. Suna cewa gaskiya suka faɗa bisa yadda alƙaluma ke tafiya. Ni ina ganin wannan hasashe ne aka sanya wa rigar buri.

Ɗauki kare rayuka da rage cunkoso. Daga 2021 zuwa 2023, fiye da mutum 40,000 ne suke mutuwa a hanyoyin Amurka a kowace shekara. Babbar hanyar jiha da ta ratsa tsakiyar gari, mai layi huɗu ko shida, shaguna da tashoshin bas a gefe, irinta ce ta fi cin masu tafiya a ƙasa. Maganinta sananne ne: rage gudu, matse layuka, tsibirin tsayawa a tsakiyar titi, fitila, shataletale a madadin mahaɗa mai danja. Amma galibin waɗannan suna ƙara wa direba daƙiƙu, kuma ma'aikatar da aka horar shekara da shekaru a kan auna jinkirin mota za ta ga hakan a matsayin koma baya. Tsarin da ya ce yana son duka biyun, bai faɗi wanda zai rinjaya in sun yi karo ba, bai yanke komai ba. Jihar Washinton tun 2000 ta ɗauki burin kawo mace-macen hanya zuwa sifili nan da 2030, kuma har yanzu tazarar tana da yawa. Rubuta burin abu ne mai kyau. Kuɗi da dokokin zane su ne suka rage.

Sai batun faɗaɗa hanya. A Houston da ke Teksas an faɗaɗa babbar hanyar Katy, aka gama a 2008 bayan kashe dala biliyan biyu da ɗoriya, ta zama ɗaya daga cikin mafi faɗi a duniya. Cikin 'yan shekaru cunkoson safe da yamma ya dawo. Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Idan tafiya ta yi sauƙi, wanda yake fita da asuba ya koma fita da hantsi, mai shiga bas ya ɗauko motarsa, masu gina gidaje suka ƙara nisa da gari. Masana tattalin arziki biyu, Gilles Duranton da Matthew Turner, sun nuna a binciken da suka buga a 2011 cewa a biranen Amurka yawan tafiyar mota yana ƙaruwa kusan daidai da yawan layukan da aka ƙara. Ba ina cewa kada a taɓa faɗaɗa hanya ba. Akwai wuraren da matsalar maƙura ɗaya ce, kamar gada mai layi biyu tsakanin hanyoyi masu layi huɗu, ko hanyar karkara da tireloli ke bi babu wurin wuce juna. Amma tsarin da ya yi alkawarin rage hayaƙi da kuma kawar da cunkoso ta hanyar ƙara layuka a cikin birni, ɗaya daga cikin alkawuran nan ba zai cika ba.

Karo na uku shi ne tsakanin gyara da sabon gini, kuma shi ya fi ci mini tuwo a ƙwarya. Amurka tana da gadoji sama da 600,000, fiye da 40,000 daga ciki suna cikin mummunan yanayi. A ranar 1 ga Agusta 2007 gadar I-35W ta rufta cikin kogin Misisipi a Minneapolis, mutum 13 suka rasu. Kwalta ba ta lalacewa a hankali daidai wa daida. Takan daɗe da kyau, sai ruwa ya shiga ta tsaga ya taɓa ƙasan, daga nan ta zube da sauri. Toshe tsaga da shimfiɗa siririn rufi a kan lokaci yana da araha ƙwarai in aka kwatanta da tone hanya a sake ta. Kowane sabon mil kuma bashi ne da aka ɗora wa masu zuwa: share ƙanƙara, fenti, magudanar ruwa, sake kwalta. Matsalar ita ce ba a kiran 'yan jarida don an toshe tsaga.

Akwai wani taron jin ra'ayi da muka yi a zauren wata makaranta a ƙauye. Mun kafa alluna, mun ba kowa 'yan takardu masu gam ya manna a kan burin da ya fi so. Wani dattijo manomi ya tsaya da nasa a hannu bai manna ba. Ya ce shi abin da ya kawo shi ƙaramar gada ce da aka rage wa nauyin da za ta ɗauka, yanzu motar hatsi da bas ɗin 'yan makaranta sai sun yi zagaye mai nisa, ya tambaye ni a wane allo gadarsa take. Tana ƙarƙashin "kula da kadarori", amma wannan suna bai gaya masa yaushe za a gyara ba. Tun daga irin waɗannan taruka nake dagewa cewa duk tsarin da za mu fitar ya faɗi kashi nawa na kuɗi zai tafi gyara.

Kuɗin da ke raguwa

Harajin man fetur na tarayya santi 18.4 ne a kan galan, na dizal 24.4, kuma ba a ƙara ba tun 1993. Tsadar kayan gini ta cinye darajarsa, motoci sun rage shan mai, masu lantarki kuma ba sa biya ko kaɗan. Tun 2008 majalisa take ɗebo kuɗi daga babban asusun gwamnati tana cike giɓin asusun manyan hanyoyi. Dokar ababen more rayuwa da Shugaba Biden ya sa wa hannu a Nuwamba 2021 ta kawo kuɗi masu yawa, amma na shekara biyar ne, tsarinka kuwa na 25. Oregon, wadda ita ta fara harajin mai a 1919, ta buɗe shirin biyan kuɗi bisa mil ɗin da mota ta yi a 2015, ga wanda ya ga dama ya shiga. Yutah ta bi sahu a 2020. Wasu jihohi sun ƙara kuɗin rajistar motar lantarki, wasu sun ɗaure harajin mansu da hauhawar farashi. Kowanne yana da masu kuka: mutanen karkara suna tafiya mai nisa, wasu kuma ba sa son gwamnati ta san inda suke zuwa. Tsari na gaskiya zai nuna abin da ake bukata, abin da ake sa ran samu, da abin da za a bari ya lalace in giɓin bai cike ba.

Iyakar hasashe

Kada alƙaluman 2050 su ruɗe ka. Na'urar lissafin da yawancinmu ke amfani da ita, asalinta daga nazarin Detroit da Chicago na shekarun 1950 ne. Tana tambaya huɗu a jere: tafiya nawa za a yi, daga ina zuwa ina, da wane abin hawa, ta wace hanya. Tana da amfani wajen kwatanta zaɓi biyu, amma abin da aka zuba mata na yawan jama'a da wuraren aiki shi take mayarwa. Bayan 2007 yawan tafiyar mota a ƙasar ya tsaya cik na shekaru, alhali hasashen ma'aikatu yana ta hawa. A 2020 annoba ta zo, aiki daga gida ya sauya cunkoson safe. A Satumba 2024 guguwar Helene ta yanke babbar hanyar I-40 a tsaunukan Karolina ta Arewa, wurin da yake nesa da teku. Shi ya sa na fi amincewa da tsarin da ya gwada yanayi uku ko huɗu, ya nemi ayyukan da za su yi amfani a kowanne. Gyaran gada da faɗaɗa kwalbati sukan tsallake wannan gwaji. Sabuwar hanyar da aka ɗora a kan zaton wani gari zai ninka ba ta cika tsallakewa ba.

Ka kuma sani cewa ma'aikatar sufuri ba ta da iko a kan inda ake gina gidaje da kasuwanni. Wannan na birane da gundumomi ne. Babban kaso na abin da ke jawo cunkoso a hannun wasu yake.

Jihohin da suka ɗaura zaren

A 2014 Birjiniya ta yi dokar da ta haifar da tsarin SMART SCALE. Ana ba kowane aiki maki a kan kare rayuka, rage cunkoso, sauƙin isa wurin aiki, muhalli da tattalin arziki, sai a raba makin da kuɗin da aka nema, a buga sakamakon kowa ya gani. Hukumar sufurin jihar na iya kauce wa jerin, amma a bainar jama'a. An yi masa gyare-gyare, ana kuma gardama a kan nauyin kowane ma'auni, amma ya rayu a ƙarƙashin gwamnonin jam'iyyu biyu. Wannan ita ce amsar da ta fi kusa da tambayarka ta gwamna. Kolorado a ƙarshen 2021 ta kafa ƙa'idar cewa dole tsare-tsaren jiha da na birane su nuna raguwar hayaƙi mai ɗumama yanayi, kuma a shekarar da ta biyo baya aka jingine faɗaɗa babbar hanyar I-25 a tsakiyar Denver, aka karkatar da kuɗi zuwa bas masu sauri da makamantansu. Minesota ta yi doka mai kama da haka a 2023. A matakin tarayya kuwa, ƙa'idar auna hayaƙi da aka fitar a ƙarshen 2023 wata kotu a Teksas ta soke ta a 2024, wata kotun a Kentucky ma ta yanke hukunci a kanta cewa ba ta bi doka ba, don haka nauyin ya koma kan jihohi.

Ma'aunin maki ma yana da illarsa. Ƙaramar gunduma da ba ta da injiniya ba ta iya rubuta takardar neman aiki kamar babban birni, kuma abin da ba a iya ƙirgawa, kamar tsohuwar da ke bukatar bas zuwa wankin ƙoda, yakan faɗi ƙasa. Dokokin jihohi kuma sun bambanta ƙwarai. A wasu, kundin tsarin mulkin jiha ya keɓe harajin mai ga hanyoyi kaɗai, ta yadda ko tsarin ya so bas da jirgin ƙasa, wannan kuɗi ba zai je can ba. Ka bincika yadda abin yake a jiharka kafin ka ɗora wa ma'aikata laifi.

In za ka ba da ra'ayi

Buɗe STIP na jiharka a gefen daftarin. Raba ayyukan gida-gida: gyara, faɗaɗawa, kare rayuka, bas da jirgi, ƙafa da keke. Haɗa kuɗin kowane gida, ka kwatanta da jerin burukan. Aikin yini ɗaya ne ga ɗalibi irinka, kuma zai nuna maka abin da jihar take so da gaske. Sannan ka duba ko kowane buri yana da adadi da shekara, da ofishin da ke da alhakinsa, da rahoton da za a riƙa fitarwa. Ka duba ko an faɗi wanda zai rinjaya in gudu da rai suka yi karo a hanyar jiha da ta ratsa gari.

Wajen rubutu kuma, wasiƙar da ta ce "ku ba muhalli muhimmanci" a jimlace ake amsa ta, tare da ɗaruruwa irinta. Wadda ta ce a shafi kaza kun yi alkawarin rage mace-macen masu tafiya a ƙasa, amma ba ku faɗi da nawa ba ko kashi nawa na kuɗi zai tafi can, ina neman a ƙara wannan jimla, ita sai an zauna a kanta, domin wani ma'aikaci ne zai rubuta dalilin karɓa ko ƙi. Ka nemi a rubuta a cikin tsarin cewa za a sake ma'aunin zaɓen ayyuka ya bi burukan, tare da wa'adi. Bayan an amince da tsarin kada ka tsaya nan. Hukumar sufuri ta jiha da ta yankin birninku suna zama a buɗe, ana sanar da ajandarsu tun kafin ranar, kuma a waɗannan zama ne ake gyara jerin ayyuka, a cire wani a sa wani, sau da yawa kujerun jama'a babu kowa. Allah Ya ba da sa'ar karatu.